Kujerar da Aka Bar wa Dakta

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Duk wanda ke zaune a Sabo ya san wanda nake nufi, wanda kuma bai sani ba ya tambayi mai shayin bakin layinsu, zai ji fiye da abin da zan iya rubutawa. Mu a gida Mai-sunan-Baba muke ce masa, don sunan mahaifinmu aka sa masa. Unguwa kuwa tun yana aji biyu a jami'a, tun bai iya ko ɗaure ciwo ba, ta laƙaba masa Dakta. Ɗan yayata ne, ɗanta na fari. Ni kawunsa ne, ni na kai shi firamare ranar farko a bayan babur, yana kuka yana riƙe da rigata. Ya rasu a watan Fabrairun bara yana da shekara 29.

Masu wannan mujalla sun ce in rubuta yadda taron tunawa da shi ya gudana, tunda wai ni aka gani ina ta kai da kawowa ranar. Na ce to. Amma gara in faɗi gaskiya tun farko, a duk danginmu babu wanda ya kai ni ƙin taron nan lokacin da aka zo da maganarsa. Kuma ni ɗan canji ne, lissafi na sani ba rubutu ba, in an ga na karkace a yi haƙuri.

Da yawa sun ji labarin rasuwar a gutsuttsure, bari in tattara shi wuri ɗaya. Ya yi karatunsa a Jami'ar Ibadan, karatun shekara shida da yajin aikin malamai da korona suka ja ya kusa kai takwas. Ya yi horon shekara guda da kowane sabon likita ke yi, sai bautar ƙasa ta jefa shi wani asibitin gwamnati a jihar Ondo, da ya gama suka riƙe shi. Wani dare, ba ma shi ke bakin aiki ba, aka buga masa ƙofa. An kawo wata mata daga rugar Fulani da tsohon ciki, jini na ta zuba, ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, mijinta ne ke ɗan jin Hausa. Duk asibitin kuwa shi kaɗai ne Bahaushe. Tafinta ya je yi, ya ƙare da hannunsa cikin aikin har asuba. Matar ba ta yi rai ba, abin da ke cikinta ma haka. Kowa ya ɗauka jinin haihuwa ne, danginta suka ɗauke ta suka tafi.

Bayan kamar kwana goma zazzaɓi ya kama shi. Na kira shi kan wata magana, na ji muryarsa ta dushe, ya ce, "Kawu, maleriya ce kawai, na sha magani." Na ce, "Au, likita ma yana ciwo?" Muka yi dariya. Ya ci gaba da zuwa aiki yana haɗiyar ƙwayoyi. Sai da wata nas da suka yi aikin daren tare ita ma ta kwanta, sannan aka ɗebi jininsu, aka ce zazzaɓin Lassa ne. Nas ɗin ta tashi, ko da yake na ji kunnenta ɗaya ya daina ji. Shi an makara.

Ni da ƙanensa muka tafi, muka bi ta Ife, mahaifinsa bai iya tafiya ba saboda ƙafar nan tasa ta ciwon suga. Ta taga muka gan shi, daga nesa, a ɗakin da ake killace masu cutar. Kwana biyu muna zaune a ƙarƙashin wata bishiya, a na uku da asuba abokinsa ya fito ya same mu. Bayarabe ne, Musulmi, ajinsu ɗaya tun jami'a, gida ɗaya suke haya. Ya faɗa mana, muka yi salati, na ce to a ba mu gawa, na riga na yi magana da mai mota. Ya ce ba za a ba mu ba. Ya ce ba za a yi wanka irin wanda muka sani ba, kuma a nan garin za a binne shi, yau ɗin nan.

Wallahi ban san lokacin da na caƙumi wuyan rigarsa ba. Na ce sun kashe mana yaro, yanzu kuma za su jefa shi rami kamar mushe. Na faɗi wasu maganganu a kan ƙabilarsa waɗanda ba zan maimaita ba. Bai ce mini komai ba, hawaye kawai yake. Na sake shi na koma gefe ina buga waya, ina neman wani babban mutum da zai sa baki a saki gawa. Na kira Ibadan, na kira Abuja, na kira wanda na taɓa yi wa canji sau ɗaya tak a duniya. Ina can ina wannan aka shirya shi, ƙanensa ya sa hannu a takarda, aka sallace shi aka kai shi. Ban samu jana'izar ɗan yayata ba, alhali ina cikin garin.

Muka dawo Sabo hannu rabbana. Aka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki na kwana uku. Jama'a sun zo, Allah ya saka da alheri, amma zama ne mai nauyi. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ɗauki makara a kafaɗarsa balle zuciyarsa ta yarda. Wasu ko musabaha ba su yi da ni ba, daga nesa suke ɗaga hannu, suna tsoron na kwaso cutar. Ban ga laifinsu ba. Yaya kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Kun san al'adarmu da ɗan fari: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban kowa ba, ko ranar da aka rantsar da su likitoci cewa ta yi tana da aiki a gida. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". In mata suka yi mata gaisuwa sai ta ce, "Allah ya fi mu sonsa," ta sunkuyar da kai.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi sai ga baƙi su huɗu, har da abokin nan da na ci wa mutunci. Suka ce 'yan ajinsu da abokan aikinsa suna so su yi taro don tunawa da shi, kuma a Sabo suke so a yi, ba a ɗakin taro na asibiti ba. Mahaifinsa ya ce maganar ta fi ƙarfinsa shi kaɗai, aka ɗunguma zauren Malam Liman bayan la'asar. Suka shimfiɗa tsarinsu: za a yi tattaki da kyandir da yamma, za a buga riguna da hotonsa, za a haska hotuna da majigi, za a yi jawabai. Wani yaronmu da ke yi wa dattawa tafinta ya fassara sunan taron kai tsaye daga Turanci, ya ce wai "bikin murnar rayuwarsa" za a yi.

Kai! Zauren ya hargitse. Wani dattijo ya miƙe yana gyara babbar riga ya ce, "Biki? Murna? Yaro ya mutu da ƙuruciyarsa, ko aure bai yi ba, a ce a yi murna?" Mu da muka tashi a ƙasar Yarabawa mun san abin da ake yi in tsoho ya mutu, a rufe titi, a yi anko, a yanka sa, a kira makaɗa. Shi kowa ya hango. Abokin ya yi ta rantsuwa cewa ba haka ba ne, ya ce su ma a wurinsu mutuwar yaro ba a yi mata shagali, iyaye ko wurin binnewa ba sa zuwa. Ba wanda ya saurare shi. Ranar na ga abin da na daɗe ban gani ba, ɗan Izala da ɗan Tijjaniyya sun tsaya kan magana ɗaya. Wannan ya ce ko sadakar bakwai da ta arba'in ba su da asali balle wannan, wancan ya ce sadaka dai tana isa ga mamaci amma kyandir na coci ne. Ni kuma na ƙara wa wutar fetur. Na ce mutanen da suka hana mu gawarsa ba su da bakin zuwa su koya mana yadda za mu tuna da shi.

Mahaifinsa bai ce uffan ba sai da kowa ya gaji. Mutum ne da ya shekara sama da 30 a gaban tukubar suya, da kuɗin tsire da kilishi ya yi wa yaron nan karatu, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ga ƙarshen ɗana ba. Waɗannan su suka gani. Shekara goma yana cikinsu, ni sai dai ya zo ya gaishe ni ya koma. Akwai abin da suka sani nasa wanda ban sani ba. A bar su su zo su gaya mini."

Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya yanke. Ba kiɗa, ba kyandir, ba riga mai hoto. Maza gefe, mata gefe. A buɗe da addu'a a rufe da addu'a, a tashi kafin la'asar. Kada a kira shi sadakar kwana kaza, don kada a buɗe wata rigimar, a ce taron addu'a da tunawa. Sai ya juya ga likitocin ya ce kuɗin kyandir da riguna, me zai hana su sayi abin da zai amfani masu rai? Nan take ɗaya daga cikinsu ta ce za su duba mutane kyauta. Maganar hoto ce ta ɗan ja, daga ƙarshe aka ce a ajiye kujera guda a gaba, a ɗora farar rigarsa da abin sauraren ƙirji da yake ratayawa a wuya. Aka sa ranar Asabar bayan ƙaramar Sallah.

A filin makarantar firamaren da ya yi aka kafa rumfuna. Damina ta fara, tun asuba muke kallon sama, Allah ya sa hadarin ya wuce ta wajen Mokola bai zubo mana ba. Tun ƙarfe takwas 'yan Mikira suke sauke mutane. Na ƙirga fararen riguna har 40 na daina. Wasu daga Legas, wasu daga Akure, wata daga Enugu ta kwana a hanya. Matan cikinsu duk sun yafa mayafi, har waɗanda ba Musulmi ba, wata nata sai zamewa yake tana kamawa. Ban taɓa ganin likitoci da yawa haka a unguwarmu ba, mu da sai ciwo ya ci ƙarfin mai kemis muke tunanin asibiti.

Bayan Liman ya buɗe, wani tsohon farfesa da ya koyar da su ya karɓi lasifika. Ya ce tun Dakta yana ɗalibi, in aka kwantar da Bahaushe ko Bafulatani ko ɗan Nijar, shi ake aikawa a nemo. Ya ba da labarin wani tsoho da aka shirya yi wa tiyata ya ƙi sa hannu kwana biyu, kowa ya ɗauka taurin kai ne. Yaron ya zauna da shi rabin awa, ashe tsohon ji ya yi an ce za a yanke masa ƙafa, alhali ƙaba za a gyara masa. Jama'a suka yi dariya, dariyar farko tun safe. Farfesan ya rufe da cewa wannan yaro ɗan Ibadan ne, Ibadan ce ta yi rashi. Wani dattijo kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Sai da ya mutu." Na gane abin da yake nufi. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, a nan aka haifi Dakta, a nan aka haifi ubansa, amma da zai shiga jami'a sai da na raka shi har jihar Kano, ƙauyen kakansa da ba wanda ya taɓa kwana cikinsa a cikinmu, don a samo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Duk da haka na ji daɗin maganar farfesan, ban ɓoye ba.

Likitar nan 'yar Ibo da ta zo daga Enugu ta ce shekara guda suka yi suna musayar aiki, shi ya riƙe mata safiyar Lahadi ta je coci, ita ta riƙe masa azahar ɗin Juma'a. Ta ce kuma kada a mai da shi waliyyi, mutum ne mai saurin fushi, in ka rubuta magani ba daidai ba zai faɗa maka a gaban kowa, sai dare ya kawo maka tsiren babansa a takarda ya ajiye bai ce komai ba. Wannan kam na shaida. Ni kaina ya sha yi mini faɗa kan gishiri da haɗin ƙwayoyin da nake saya in na ji kasala, har na taɓa ce masa ya tuna ni na yi masa tsarki yana yaro.

Wata tsohuwa mai sayar da tumatir ta aiko daga ɓangaren mata a faɗa a madadinta, cewa lokacin rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, da mutane suka watse ba matsuguni, yaron nan da abokansa biyu Yarabawa suka zo da jakar magani suna wanke wa mutane rauni, shi ya ɗaure mata ƙafa inda kwano ya yanke ta. Mu a gida ba mu ma san ya je ba. Da mun sani da mun hana shi.

Wani daga cikin matasan likitocin da ya tashi sai ya ɗauki zafi. Ya ce shekara da shekaru naira 5,000 a wata ake ba likita kuɗin haɗarin aiki, sai a ƙarshen 2021 aka ɗan ɗaga. Ya ce akwai asibitocin da safar hannu ma sai dangin majiyyaci sun sayo. Ya fara shiga siyasa, Liman ya yi gyaran murya, ya gane ya taƙaita. Ni dai da an bar shi ya ƙarasa.

Abin da ya fi amfanar mutane, a ganina, bayanin da wata ɗalibar likitanci Bahaushiya 'yar Agege ta yi ne da Hausa tsantsa. Ta ce cutar ta samo suna daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano ta a 1969. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, fitsarinsa da kashinsa ne ke shiga abinci. Daga mutum zuwa mutum kuwa ta jini da sauran ruwan jiki take bi, shi ya sa masu jinya da ma'aikatan asibiti da masu wankan gawa suke cikin haɗari. Da rani ta fi tashi, kuma jihohin Ondo da Edo da Bauchi ne suka fi fama. Farkonta ba ta da bambanci da maleriya ko taifod: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. Tana iya yin har kwana 21 a jiki kafin ta nuna. Akwai magani, sunansa ribavirin, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana shida na farko, rigakafi kuwa har yanzu babu. Ta ce duk zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu uku bai sauka ba, a daina zagayen kemis, a je asibiti. Sai ta dubi 'yan kasuwarmu na Bodija ta ce, "Iyayena, buhunan da ke shagunanku, wa ke kwana a kansu da dare?" Aka yi shiru, kowa ya san amsa.

Daga ƙarshe abokin ya tashi. Bai je wurin lasifika ba, ya zo gaban mahaifin Dakta ya durƙusa, sai da aka miƙo masa ita don mata su ji. Da Hausarsa 'yar kaɗan da Dakta ya koya masa ya fara, da ta ƙare masa ya koma Yarabanci, tunda kusan duk muna ji. Ya ce, "Baba, ni nake shiga wurinsa." Ya faɗi yadda yake sallah a kwance da ishara, yadda ya riƙa tambaya ko nas ɗin ta samu sauƙi, yadda ya ce kada a bar Kawu ya shigo komai ihun da zai yi. Ya ce daren ƙarshe hankalinsa yana zuwa yana tafiya, amma da aka laƙƙana masa kalmar shahada ya amsa. Ya ce shi da wani ma'aikaci Musulmi suka sa kayan kariya, suka yi masa taimama a madadin wanka kamar yadda malamin garin ya ce ya halatta in ruwa zai cutar da masu rai, suka naɗe shi da likkafani fari kafin a sa shi cikin jakar da doka ta ce. Limamin Hausawan garin ne ya sallace shi, sahu uku, mahauta da 'yan albasa da masu facin taya da yake dubawa. Ya ce shi da kansa ya duba alƙibla, aka kwantar da shi ta gefen dama. Ya ce, "Baba, ba mu jefar da shi ba."

Ni aka yi wa wannan maganar, ko da bai dube ni ba. Mahaifin ya ɗora masa hannu a ka ya daɗe bai ɗauke ba. Da ya tashi na bi shi bayan rumfa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Kawu, ai ya gaya mini za ka yi haka." Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, na yi duka biyun.

Akwai abin da ba wanda ya faɗa a taron, don ba wanda ya sani sai ni. Kamar shekara guda kafin rasuwarsa Dakta ya zo shagona da dare. Ya ce yana so ya rubuta jarrabawar da ake yi don aikin likita a Ingila, 'yan ajinsu da yawa sun riga sun tafi, wasu can, wasu Saudiyya. Kuɗin da fam ake biya, ya ce in ranta masa zai biya. Ina da kuɗin. A aljihun tebur ɗin da muke zaune a gabansa suke. Na ce masa unguwa ta yi shekara ɗari tana jiran likita nata na kanta, yanzu da ta samu zai kwashe ya kai wa Turawa? Na ce ya tuna da tukubar ubansa. Na ce ya ƙara shekara ɗaya, in har lokacin yana nan kan bakansa zan ba shi. Ya yi shiru, ya ce, "To, Kawu." Bai sake tayar da maganar ba.

Na san abin da za ku ce mini, Liman ma ya faɗa mini da na kai masa: kwana ne ya ƙare, da a Landan yake ranar ba za ta wuce shi ba. Na yi imani da haka. Amma duk sanda aka tashi a taron nan aka ce ya ƙi tafiya waje saboda son mutanensa, sai in ji kamar an soka mini allura. Bai ƙi ba. Ya so ya tafi, kuma yana da hujja, ni na riƙe shi. Son mutanensa gaskiya ne, son tafiyar ma gaskiya ne. Na rubuta wannan ne don na san akwai yaranmu biyu uku da ke karatun likita da na nas yanzu, kuma wata rana za su je wurin wani kawu da irin wannan magana. Ban ce a ba su ba, ban ce a hana su ba, ni kaina har yau ban san wanne ne daidai ba. Amma kada a amsa musu da sauri kamar yadda na yi.

Bayan addu'ar rufewa aka jera tebura. Layin gwajin hawan jini da na suga ya kai bakin ƙofar makaranta, tsofaffin da suka ce ba za su zo taron bidi'a ba na gan su a ciki sun naɗe hannun riga, har da mai babbar rigar nan. Samari kuma suka ba da jini, abin da a da ake cewa yana rage ƙarfin namiji. Ni ma aka ja ni aka ɗaura mini abin awo. Yarinyar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, kana shan magani?" Na ce an taɓa rubuta mini. Ta rubuta, na duba takardar, shi ne dai wanda Dakta ya rubuta mini shekara biyu da suka wuce na jefa a aljihun tebur. Yanzu ina sha kullum da safe.

Abin da ya faru a ɓangaren mata ban gani ba, matata ce ta ba ni labari da dare. Da aka watse, likitar nan ta Enugu ta ɗauko farar rigar daga kan kujera ta ninke, ta kai wa Yaya. Ta durƙusa tana magana, tana ta ambaton sunansa, to sunan yana da harafin nan da bakin mutanen kudu ba ya iya kamawa, sai ta riƙa faɗinsa a karkace. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Yaya tana riƙe da rigar a cinyarta. A na huɗu ta ɗago kai ta ce, "Ba haka ake faɗi ba." Sai ta faɗa mata shi daidai, a hankali, gaɓa-gaɓa, a gaban surukarta da duk matan layinsu. Likitar ta maimaita, ba ta samu ba, Yaya ta sake faɗa.

Washegari da sassafe ta aiko a kira ni. Ta ce in nemo lambar abokin nan, in tambaye shi ranar da ba ya aiki, tana so ya nuna mata ko daga bakin maƙabarta ne. Mun sa ranar Lahadin ƙarshen wata, na riga na yi magana da mai mota.